Sikirin Ɗin Waya Ya Fashe: Matakan Da Za Ka Bi Kafin Gyara Ko Canji

Duk wanda waya ta taɓa suɓuce masa ta faɗi rub-da-ciki ya san ɗan jinkirin nan da mutum kan yi kafin ya sunkuya ya ɗauka. Ka juyo ta, ga tsaga ta taso daga kusurwa ta bazu kamar saƙar gizo-gizo. Nan take tunani ya rabu biyu: a kai gyara yanzu-yanzu, ko a haƙura a sayi wata. A ganina duka biyun sun yi wuri. Mutanen da na ga sun tafka babbar asara bayan fashewar sikirin, yawancinsu a kwana biyun da suka biyo baya suka tafka ta. Wani ya ci gaba da amfani da wayar har ta yi baƙi ƙirin da hotunan shekaru a cikinta. Wani ya miƙa ta ga mai gyara haɗe da lambar sirrinsa. Wani ya sa sikirin mafi araha, bai yi wata guda ba ya dawo. Sikirin kaya ne da ake saya. Abin da ke cikin wayar kuwa babu inda ake sayar da shi, don haka da shi za mu fara, maganar kuɗin gyara ta biyo baya.

Mataki na farko: duba, kada ka shafa

Hannu yakan yi saurin kaiwa kan tsagar don ya ji zurfinta. Ka riƙe shi. Ɓarɓashin gilashin waya siriri ne ƙwarai, yana shiga fata ba tare da ka gan shi ba.

Idan akwai gilashin kariya a manne, wanda ake ce wa sikirin gad, mai yiwuwa shi kaɗai ne ya fashe, kuma aikinsa ke nan. Ka karkata wayar a gaban haske ka duba gefe. Tsagar da ta tsaya daidai bakin gilashin kariyar, ba ta kai ƙarshen fuskar wayar ba, alama ce mai kyau. Ka ɗaga kusurwa ɗaya da farce ko katin roba a hankali ka leƙa. In ƙasan lafiya lau, ka ɓare shi ka sa sabo, magana ta ƙare. In ka ga tsagar ta kai ƙasa, mayar da shi yadda yake, domin shi ne ke riƙe da gutsattsarin. Wayar da ba ta da kariya kuwa, ka shimfiɗa mata salatif mai faɗi mai haske a kan fuskar baki ɗaya, ka yanke abin da ya fito gefe, ka bar ramin lasifikar kunne da kyamarar gaba a buɗe. Za ta ci gaba da jin taɓi ta cikinsa.

Sai ka kwantar da wayar ka dube ta daga gefe. Sikirin ɗin ya ɗago daga jikinta? Bayanta ya yi ƙozo? Tana zafi alhali ba ka aiki da ita, ko kana jin wani wari mai kama da na sinadari? Wannan batir ne ya kumbura ko ya ji rauni, kuma ya fi fashewar gilashin haɗari nesa ba kusa ba, domin batirin lithium yana kamawa da wuta. Kada ka danna shi ya koma, kada ka sa caji, kada ka kwana da ita kusa da kai. Ka ajiye ta kan siminti ko tayil, nesa da tufafi da takardu, har ka kai ta wurin masu gyara.

Ko da wayar tana da shaidar jure ruwa ta IP67 ko IP68, daga yau ka ɗauka ba ta da ita. Gumin aljihu ma yana bi ta tsaga ya shiga.

Shawarwarin da ke yawo na a shafa man goge baki ko wani gari, ka yi watsi da su. Ba sa haɗe gilashi, sai dai su tura danshi cikin tsagar. Haka ma zuba gam: yana gangarawa cikin lasifika da maɓallai ya daskare a can.

Mataki na biyu: kwashe abin da ke ciki, yau ba gobe ba

Nan ne nake so ka fi ba da ƙarfi. Sikirin da ya fashe yana iya aiki da safe ya mutu da yamma, kuma wayoyin zamani suna kulle bayanansu ta yadda in ba a shigar da lambar sirri ba, babu mai iya zaro komai daga ciki, har kamfanin da ya ƙera ta.

In wayar tana nunawa kuma tana jin taɓi, ka yi sa'a. Ka haɗa ta da intanet mai ƙarfi ka tura komai zuwa asusunka na Google in Android ce, ko iCloud in iPhone ce. Ka duba sauran wurin da ke gare ka kafin ka saki jiki: Google na ba da gigabait 15 kyauta, Apple na ba da 5 kacal, kuma hotuna da bidiyo sukan cinye wannan tun tuni. Mutane da yawa sun ɗauka wayarsu tana ajiye musu komai da kanta, alhali ta daina watanni da suka wuce saboda wuri ya cika. Ka duba ranar ajiya ta ƙarshe da idonka. In wuri bai isa ba, ka jona wayar da kwamfuta ka kwafe hotunan kai tsaye. WhatsApp yana da tasa ajiyar daban a cikin saitinsa, ka shiga ka danna ta, ka jira ta kammala. Lambobin mutane ka tabbatar suna kan asusu, ba a jikin wayar kaɗai ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne manhajar da ke fitar da lambobin tantancewa, irin su Google Authenticator. In wayar ta mutu da su a ciki kuma ba a haɗa su da asusu ba, kana iya samun kanka a kulle a wajen imel ɗinka da shafukanka. Ka tura su wata na'ura, ko ka rubuta lambobin ko-ta-kwana da kowane asusu ke bayarwa ka adana a takarda. Kuma ka tambayi kanka tsakani da Allah: na tuna kalmar sirrin asusuna na Google ko Apple? In ba ka tuna ba, ka sabunta ta yanzu da wayar ke hannunka tana karɓar saƙo.

In tana nunawa amma ba ta jin taɓi, yawancin wayoyin Android suna karɓar maus ɗin kwamfuta ta wata 'yar mahaɗa da ake kira OTG. Ka soka ta a ramin caji, ka jona maus, sai kibiya ta bayyana a kan sikirin, ka danna lambobinka ka buɗe. A irin wannan hali kada ka kashe wayar, kada kuma ka bari cajinta ya ƙare. Dalili: da zarar an kashe an kunna, yatsa da fuska ba za su buɗe ta ba sai an shigar da lambar sirri.

In tana jin taɓi amma ba ta nuna komai, kana jin ta tana ƙara ko tana girgiza, wasu manyan wayoyi kamar jerin Galaxy S na Samsung suna iya fitar da hotonsu a talabijin ta igiyar USB-C zuwa HDMI. Ƙananan wayoyi yawanci ba sa yi.

Akwai hali na huɗu, kuma shi ne mafi sharri: wayar tana danna kanta, manhajoji suna buɗewa ba ka taɓa ba. In ta yi haka a wurin shigar da lambar sirri, za ta yi ta zuba lambobin kuskure. iPhone tana kulle kanta na lokaci mai ƙaruwa duk bayan kuskure, kuma in an kunna zaɓin goge bayanai, a kuskure na 10 za ta share komai. In ka samu ta buɗe da fuska ko yatsa, ka kwashe abin da za ka iya nan take, sannan ka kashe ta. In ba ta buɗu ba, ka kashe ta kawai.

Idan duk waɗannan sun faskara, da sauran hanya. Mai gyara yana iya jona sikirin na gwaji ba tare da ya manne shi ba, ka buɗe wayar a gabansa ka kwashe kayanka. Wannan yana da amfani ko da ka riga ka yanke cewa ba za ka gyara ta ba.

Mataki na uku: gane ainihin abin da ya lalace

Abin da muke kira sikirin hawa uku ne a manne da juna. Na sama gilashi ne mai tauri, irin Gorilla Glass na kamfanin Corning, ko Ceramic Shield da Apple ya fara sawa a iPhone 12 a shekarar 2020. Ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar da ke jin yatsa, wato tac. Can ƙasa kuma allon da ke nuna hoto.

Allon iri biyu ne. LCD yana da fitila a bayansa da ke haska shi gaba ɗaya. In ya fashe za ka ga baƙin tabo kamar tawada ta zube, ko rabin fuskar ya yi fari. OLED, wanda Samsung ke kira AMOLED, kowane ɗigo a cikinsa shi ke ba da haskensa, kuma sinadarin da aka yi shi da shi ba ya jure iska da danshi. Shi ya sa ɗan ɗigon baƙi ko shuɗi a kusurwar allon OLED yakan yi ta yaɗuwa har ya cinye fuskar cikin kwanaki, wani lokaci cikin awoyi. In ka ga irin wannan ɗigo, ko koren layi ya ratsa daga sama zuwa ƙasa, lokacinka ƙidayayye ne.

Ka gwada da kanka. Buɗe farin hoto ya cika fuskar, sannan baƙi, ka nemi tabo ko layi. Danne tambarin wata manhaja ka ja shi ko'ina a kan sikirin, lungu da saƙo. Duk inda ya suɓuce, tac ya mutu a wurin. A yawancin wayoyin Samsung, danna *#0*# a wurin kiran waya yana buɗe shafin gwaji na launuka da taɓi da sensa. Kada ka tsaya a sikirin kaɗai: ka gwada kyamarori, lasifika, makirufo, caji, da kama sabis. Ka ɗora wayar kan tebur mai santsi ka ga ko ta lanƙwashe. Firam, wato zagayen jikin wayar da sikirin ke zama a kai, in ya lanƙwashe zai fasa sabon sikirin ko ya ƙi riƙe shi.

Mataki na huɗu: gyara ko canji

Kafin lissafi, ka duba takardun sayen wayar. Garantin kamfani na yau da kullum ba ya ɗaukar faɗuwa, amma in ka biya tsarin kariya kamar AppleCare+ ko Samsung Care+, ko wata inshora, canjin sikirin zai zo maka da sauƙi sosai. Wasu kamfanonin ma sukan haɗa tayin canjin sikirin sau ɗaya a watannin farko na wasu samfura. Ka tambaya kafin kowa ya buɗe wayar, domin buɗewar wani na iya soke wannan dama.

Sai lissafi. Kuskuren da ake yi shi ne auna kuɗin gyara da kuɗin da aka sayi wayar tana sabuwa. Abin aunawa shi ne nawa irinta ta hannu, mai lafiya, take a yau. Ma'aunin da nake bi shi ne: in gyara da sikirin mai kyau bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗin ba, a gyara ba tare da dogon tunani ba. In ya haura rabi, sai an tsaya an duba sauran lafiyar wayar.

Abu biyu ne ke faɗa maka sauran kwananta. Na farko batir. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na gabanta an tsara su ne su riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma bayan 1000. In batirinka ya riga ya gaji, ka sa kuɗinsa a lissafi, kuma ka canza shi a buɗewa ɗaya da sikirin. Na biyu sabunta manhaja. Pixel 8 na Google da ya fito a 2023 da Galaxy S24 na 2024 an yi musu alkawarin sabuntawa na shekara 7, amma ƙananan wayoyi da yawa shekara 2 ko 3 suke samu. Wayar da ta daina karɓar sabuntawar tsaro, kuma a cikinta kake mu'amala da banki, ba zan ba ka shawarar zuba mata kuɗi mai yawa ba.

In wayar ba ta wuce shekara biyu zuwa uku ba, batirinta da ƙarfi, sikirin kaɗai ya samu matsala, ni ina bayan gyara, kuma ba don aljihu kaɗai ba. Mafi yawan gurɓatar da waya ke jawo wa muhalli a wurin ƙera ta yake faruwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an sake sarrafa shi yadda ya kamata. Yana damuna in ga an jefar da waya mai lafiyayyen inji saboda gilashi ɗaya.

Amma in ga fashewa, ga firam a lanƙwashe, ga wayar tana mutuwa da kanta ko ta daina kama sabis tun da ta faɗi, to bugun ya kai ga injin. A nan canji ya fi.

Mataki na biyar: wane sikirin, kuma a hannun wa

Mutum biyu za su kai waya iri ɗaya gyara, a caji ɗaya ninki uku na ɗayan, kuma kowa an yi masa gaskiya, domin ba kaya ɗaya aka sa musu ba. Ka san abin da kake saya.

Akwai sabon sikirin na kamfani, wanda cibiyoyin da kamfanin ya amince da su ke sawa, kamar na Apple da Samsung, ko Carlcare ga masu Tecno da Infinix da itel. Akwai na asali da aka ciro daga wata wayar da ta mutu, wanda yana da kyau in babu inuwar tsohon hoto da ta ƙone a jikinsa. Akwai na asali da aka canza wa gilashin sama kaɗai. Sai kuma kwafi, kuma kwafin ma hawa-hawa ne. OLED mai laushi shi ya fi kusa da na asali. OLED mai tauri ya fi araha, amma ya fi saurin fashewa. Na ƙarshe shi ne sa LCD a wayar da aka ƙera da OLED, wanda masu gyara ke kira insel. Wannan zai nuna hoto, amma baƙinsa ya koma toka-toka, a rana da ƙyar za ka gani, yakan fi cin batir, yakan ɗan fito daga jikin wayar saboda kauri, kuma in wayarka tana karanta yatsa ta cikin sikirin, ka yi sallama da wannan. Araha ba ta ado. Sai dai in waya ce tsohuwa da kake so ta kai ka 'yan watanni, babu laifi ka sa shi da saninka. Abin da ba na yarda da shi shi ne a sa wa mutum kwafi a karɓi kuɗin orijina.

In gilashin sama kaɗai ya fashe, hoto da tac lafiya, ana iya canza gilashin a bar maka allonka na asali. Aiki ne na inji: a ɗumama sikirin, a raba gilashin da siririn zaren ƙarfe, a manna sabo a cikin na'urar da ke zuƙe iska. Ya fi sauƙin kuɗi, musamman a manyan wayoyin OLED, amma allon yana iya mutuwa ana cikin aikin. Ku yi magana tun farko: in ya mutu, wa zai ɗauki asarar?

Masu iPhone su san cewa daga iPhone 11 zuwa sama, wayar tana gane sikirin da ba na Apple ba, ta kuma rubuta haka a shafin bayanin waya cikin saiti. Wannan bai hana ta aiki, amma duk wanda zai saya a hannunka zai gani.

Wajen zaɓen mai gyara, ina sauraron yadda yake amsa tambaya. Wane irin sikirin za ka sa? Zan gan shi kafin a manna? Garantin kwana nawa, kuma za a rubuta a rasit? Za ka sa sabon gam ɗin da ke tare ruwa da ƙura? Za ka ba ni tsohon sikirin? Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce maka “duk ɗaya ne”, ka karɓi wayarka ka ƙara gaba.

Mataki na shida: kafin ka miƙa, da bayan ka karɓa

Cire sim da katin memori. Danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka kuma ɗauki hoton wayar gaba da baya da wata wayar. Lambar sirrinka kuwa, canjin sikirin ba ya buƙatarta. In ana son gwaji, kai za ka buɗe da hannunka. Samsung ya fito da Maintenance Mode a 2022, wayoyin Pixel kuma sun samu Repair Mode a 2023: ka kunna, sai wayar ta ɓoye hotunanka da saƙonninka da asusunka, mai gyara ya gwada duk abin da yake so. In wayarka ba ta da irin wannan kuma dole ta kwana a can, ka fita daga manhajojin banki da imel, ko, tunda ka riga ka kwashe komai, ka goge ta gaba ɗaya.

Ranar karɓa kada ka yi sauri. Ka maimaita gwajin fari da baƙi da jan tambari. Ka ƙure hasken ka rage shi. Ka kira wani ka kara wayar a kunne, sikirin ya kamata ya mutu, in bai mutu ba sensar kusanci ta samu matsala kuma kumatunka za su riƙa katse kira. Ka gwada yatsa ko fuska, kyamarar gaba ko ƙura ta shiga, da tac yayin da wayar ke kan caji, domin sikirin marar kyau a nan yake fara rikicewa. Ka bi gefuna da ido ka ga babu inda ya ɗago ko haske ke tsiyaya. A iPhone ka duba ko True Tone, wato tsarin da ke daidaita launin sikirin da hasken wurin da kake, yana nan. Sai ka gamsu sannan ka biya ragowar kuɗi.

Ga mai son gyarawa da kansa

Yana yiwuwa, kuma ya fi sauƙi yanzu. Apple ya buɗe shirin sayar wa mutane kayan gyara a Amurka a 2022, shafin iFixit yana da bayanin buɗe ɗaruruwan wayoyi hoto bayan hoto, kuma a Tarayyar Turai, tun 20 ga Yunin 2025, doka ta wajabta wa kamfanoni samar da kayan gyaran sababbin wayoyi har shekara 7 bayan sun daina sayar da samfurin. Amma kada ka koyi aikin a kan wayar da rayuwarka ta rataya a kanta, kar garin neman gira a rasa ido. Waya mai naɗewa da mai lanƙwasasshen gefe kuwa, ka bar wa ƙwararru.

Ka sayi sikirin da cikakkiyar lambar samfurin wayarka, domin suna ɗaya kan ƙunshi samfura daban-daban. In akwai wanda ya zo manne da firam ɗinsa, shi ya fi wa sabon hannu: maimakon ɓamɓare gilashi, kayan ciki kawai za ka kwashe zuwa sabon gida. Za ka buƙaci ƙananan sukuddireba da suka dace (iPhone tana da sukuru masu kai irin tauraro mai tsini biyar a ƙasanta, da masu tsini uku a ciki), katin roba siriri, robar tsotsa, hantsaki, sinadarin goge kayan lantarki na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, da gam ɗin waya irin B-7000 ko wanda aka yanka daidai samfurin. Ka sa tabarau.

Ka bar cajin ya sauka ƙasa da kashi 25, domin batir mai cike ya fi saurin kamawa da wuta in an huda shi bisa kuskure. Kashe wayar, cire tiren sim. Ɗumama gefuna da na'urar busar da gashi har su yi zafin da hannu ke iya taɓawa da ƙyar, ka ɗaga da robar tsotsa, ka zura katin kaɗan kawai ka bi gefe kana yanka gam. In ya ƙi, ƙara zafi, kada ka ƙara ƙarfi. Ƙarƙashin gefunan nan akwai siraran igiyoyi masu kama da ribon, waɗanda masu gyara ke kira fileks, zurfafa kati ke yanka su. Yawancin Android ta baya ake shiga, yawancin iPhone ta gaba.

Da ka shiga, abu na farko shi ne cire mahaɗin batir, da roba ba da ƙarfe ba. Kowane sukuru ka ajiye shi a kan zanen da ka yi na inda ya fito. Suna kama da juna amma tsawonsu ya bambanta, kuma dogo a ramin gajere yana huda injin wayar, lalacewar da ta fi sikirin tsada. A iPhone mai maɓallin yatsa, tsohon maɓallin za ka mayar kan sabon sikirin, domin an haɗa shi da injin wayar tun daga masana'anta. Haka sensar da ke manne bayan sikirin iPhone X da 11: in ta yage, Face ID, wato buɗe waya da fuska, ya tafi.

Jona sabon sikirin, jona batir, kunna, ka gwada komai kafin ɗigon gam ya taɓa wayar. In lafiya, ka kankare tsohon gam da duk wani ɓarɓashin gilashi daga firam, domin ƙwaya ɗaya da ta rage za ta fasa sabon da zarar ka danna. Sa gam siriri nesa da kyamara da lasifika, rufe, ɗaure da robobi na wasu awoyi. Wasu wayoyin masu karanta yatsa ta cikin sikirin sai an sake daidaita su da manhaja ta musamman kafin yatsan ya yi aiki, ka binciki naka samfurin tun kafin ka saya.

In canji ka zaɓa

Kada ka goge tsohuwar sai sabuwar ta karɓi komai kuma ka buɗe bankinka da WhatsApp da imel a kanta ka ga suna aiki. In layinka eSIM ne, wato sim ɗin da ke cikin wayar ba na kati ba, ka mayar da shi tun tsohuwar tana raye. Daga nan ka cire asusunka na Google, ko ka fita daga iCloud ka kashe Find My, wato tsarin neman wayar da ta ɓata, sannan ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. In ka goge ba ka cire asusun ba, tana iya kullewa a hannun duk wanda ya karɓa, ta nemi kalmar sirrinka.

Waya mai fasasshen sikirin tana da sauran daraja: masu gyara suna sayen ta don injinta da kyamarorinta, wasu kamfanoni kuma suna karɓa su rage maka kuɗin sabuwa. Ka faɗi duk aibinta ga mai saye. In ta mutu murus, kada ta shiga kwandon shara ko wuta da batirinta a ciki, ka miƙa ta ga masu karɓar tsofaffin kayan lantarki.

Sabuwar kuwa, ko wadda aka gyara, kafin ta fita daga shago ka sa mata gilashin kariya da riga mai kaurin kusurwa wadda bakinta ya ɗan fi sikirin tudu, domin yawancin tsaga daga kusurwa take tasowa. Sannan ka shiga saiti ka kunna ajiyar bayanai ta kai-da-kai, ka dawo bayan kwana biyu ka duba ko ta yi.